Matakalar Tafinta

Ni ce tafintar Baba Fasto a cocinmu na Lugbe, a shekarun da wayar hannu ta fara shiga aljihun talaka, kuma na iya aikin. Ranakun mako ina zaune ƙarƙashin lema a bakin titin filin jirgi da wayoyina da katin waya, mutum ya zo ya kira garinsu ya tafi. Ran Lahadi kuwa in ɗaura ɗankwali in tsaya kusa da mimbari, Baba ya faɗa da Turanci, ni in mayar da Hausa.

Baba mutumin kudu ne, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya ya kafa cocin, da langa-langa aka fara. Hausarsa ta kasuwa ce, ta "nawa ne" da "rage mini". Ni ma "kai" yake ce mini, ban taɓa gyara masa ba. Jama'arsa kashi biyu ce. Layukan gaba na ma'aikata ne masu kwat, waɗanda mulkin farar hula ya fara yi da su, kowane wata sai wani ya zo da sabuwar mota a yi mata addu'a. Daga tsakiya zuwa bakin ƙofa kuwa namu ne, matan masu gadi, leburorin gine-gine, 'yan acaɓa, da masu kifi da ke tasowa tun daga Kado. Ƙabila iri-iri, Hausa ce ta haɗa su. Su ne mafi yawa, kuma ta bakina suke jin wa'azi.

Akwai wata doka a cocin da ba a taɓa karanta ta ba amma kowa ya san ta. Mace ba ta taka jan kafet ɗin da ke kan dandamali. Ran Asabar dai mata ne ke share shi a durƙushe, ran Lahadi ya haramta gare su. Wurina shi ne matakalar ƙarshe kafin a hau. Wayar makirfona ma daidai nan take ƙarewa, kamar da gangan aka auna.

Baba yana da ilimi, amma wa'azinsa lami ne. Zai ce Allah yana kula da matalauta, ya tsaya. Ni kuwa sai in ce, Allah ya san ke da kika fito tun asuba, kika tsaya a titi bas ta wuce ki a cike, ya san abin da ya rage a tukunyarki, ya san takalmin ɗanki ya tsinke. Maganarsa ce, gishiri kawai nake sa mata. Amin ɗin da ke bin bayansa na layin gaba ne, siriri, kamar suna tsoron kada taye ya kwance. Nawa kuwa har kwanon rufi yake amsawa. Baba ya sani. Wani lokacin sai ya leƙo ni ta saman tabarau ya ce a hankali, "Kai, duka wannan ni na faɗa?" In ce, "Kai ka faɗa, Baba." Ya gyaɗa kai ya ci gaba.

Uwar zumuntar mata, wata ƙatuwar mace mai sayar da kifi a Kado, kowace Lahadi bayan an tashi sai ta miƙo mini bandar tarwaɗa a naɗe cikin takarda. "Ungo, bakinmu," haka take ce mini. Duk matan ma haka suke kirana, bakinmu.

Sai 'yar kawuna. Ni na kawo ta Abuja, wannan ina so a riƙe shi. Daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina ta zo da jakar leda da takalmin roba, ta sauka a ɗakina. Na girme ta da kaɗan, Yaya take ce mini. Ni na koya mata tsallaka babban titi, da hannu nake jan ta tana tirjewa. Ni na koya mata cewa ba a gaida kowa da kowa a cikin bas. Muryarta ƙarama ce, in tana magana sai ka matso. Ciniki kuwa ba ta iya ba ko kaɗan. Na taɓa barin ta a lema na je asibiti, na dawo na tarar tana sauraron wata mata da ke kukan halin mijinta, masu son kira sun gaji da jira sun koma lemar gaba.

Wannan halin ne Baba ya gani. Duk wanda ya kwanta ciwo a ikilisiya, in ka je dubiya za ka tarar ta riga ka, tana masa wanke-wanke ko tana karanta masa Littafi. Sai ya tura ta makarantar koyon Littafi. Kafin ita, ni na taɓa roƙonsa ya tura ni. Ya yi dariya ya ce, "In kai ya tafi, wane ne zai zama baki na?" A lokacin na ɗauka yabo ne, har na je ina ba uwar zumunta labari.

Da ta gama karatu sai ga maganar Yangoji. Wasu manoma ne can suka aiko a tura musu wanda zai zauna da su ya riƙa jagorantar su a sujada. Samarin da suka gama tare da ita kowa na hangen reshen coci a cikin gari, inda ake ta gina sababbin rukunin gidaje, inda akwai wuta da ruwan famfo. Ita ta ce za ta je. Na yi mata dariya sosai. Na ce mun baro ƙauye da ƙyar, ke kuma kin samo wani. Da ni aka tambaya da na ƙi, ban zo Abuja don in koma inda sai an hau tudu ake samun sabis ba. Amma ba a tambaye ni ba, kuma na lura.

Ta je, ta zauna, suka yi rumfa, rumfa ta cika. Malama suke ce mata. Sai dai Malama ba ta da ikon yin baftisma, ba ta ba da jibin Ubangiji, ba ta ɗaura aure, ba ta binne gawa. Duk wannan na wanda aka ɗora wa hannu ne. Mu kuma a cocinmu ba a yayyafi, sai an nutsar da mutum gaba ɗaya. Rafin Yangoji kuwa ɗan lokaci ne bayan damina yake da ruwan da zai rufe babba, daga nan sai ya ja ya bar yashi. Baba ya yi alkawarin zuwa, ginin sabon coci ya riƙe shi. Shekara ta zagayo ya sake alkawari, gwiwarsa ta kumbura. Masu jiran baftisma suka taru, cikinsu har da wani tsoho da ya ce wa Malama shi fa ba shi da tabbacin ganin wata damina.

Labarin abin da Baba ya yanke, a kan matakalata na ji shi, lokaci ɗaya da masu kwat. Bayan sanarwa ne, ya gyara murya ya ce ya yi addu'a, ya ga ya kamata a keɓe Malamar Yangoji a ɗora mata hannu ta zama fasto, kuma in ya gaji za ta riƙa zuwa Lugbe tana karɓar sa a mimbari. Ya tsaya yana jiran in faɗa. Na faɗa dai, yadda ya faɗa, ban ƙara ko ɗigo ba. Ban gama rufe baki ba matan baya suka ɗauki guɗa. A layin gaba kuwa kowa ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa.

A cikin makon ta zo gari, ta yi baƙi ta rame, da doya a buhu.

"Sannu da zuwa, Fasto," na ce.

"Haba Yaya."

"Hau gado ki zauna, Fasto, ni zan zauna a ƙasa. Gara in fara sabawa tun yanzu."

"Ni fa ban nema ba, Yaya. Cewa na yi Baba ya turo namiji ya shiga ruwan da su, shi ke nan."

"Ai abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ba ki nema ba."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Can kuma ta ce, "Ke kin ga daidai ne? Ni wurin nan na Littafi yana damuna, inda manzo ya ce bai yarda mace ta koyar ko ta yi iko da namiji ba. In na karanta sai jikina ya yi sanyi. In na ɗaga kai kuma in ga tsohon nan zaune yana kallon rafi, sai in rasa inda zan sa kaina."

"Ga wuƙa can, ki feraye doyar," na ce.

Ina kallon ta tana feraya, ina tunanin abin da ita ko a ranta bai zo ba. In ta hau mimbari, da Hausa za ta yi wa'azi, Hausar gida, irin tawa sak, tsakar gida ɗaya muka sha ta. Baba kuma ya tsufa, yau gwiwa gobe hawan jini. Ranar da ta karɓe shi, wa ke buƙatar tafinta? Ni da na yi shekaru ina ɗaga cocin nan da muryata, a ƙasan kafet, yarinyar da na ja hannunta a titi za ta wuce ni ta hau.

Babban dattijon ikilisiyarmu darakta ne a wata ma'aikata. Ba ya jin Hausa sai gaisuwa. Ba zan ɓata shi ba, mutumin kirki ne, shi ne wanda in mace ta fara naƙuda a unguwa ake buga wa ƙofa ya fito da mota. Wata rana da hantsi sai ga motarsa ta tsaya gaban lemata. Alhajin da ke da shago a bayana, wani Bakano mai son tsokana, ya leƙo ya ce, "Ikon Allah, mai waya uku a aljihu ya zo lema kira? Yarinya, yau oga da kansa."

Darakta ya buɗe Littafinsa a kan murfin mota, ya yi ta nuna mini wurare da yatsa. Inda aka ce mata su yi shiru a taron ikilisiya. Inda manzo ya hana mace koyarwa. Inda aka jera halayen mai kiwon ikilisiya aka ce ya zama mijin mace ɗaya. Ya ce, "Ba ƙin ƙanwarki nake ba, ki gane. Yarinyar kirki ce. Da 'yar cikina ce ma haka zan faɗa. Matan nan suna jin maganarki, ki nuna musu kafin ranar taro."

Tun da nake ban taɓa jin ayoyi sun yi mini daɗi kamar na ranar ba. Na haddace su tsaf. Da aka zo zumuntar mata na miƙe na zayyana su ɗaya bayan ɗaya. Uwar zumunta ta bari na gama, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Bakinmu, yaushe aka ba ki kujerar dattijo ba mu sani ba?" Aka kwashe da dariya, aka ɗauki waƙa, magana ta mutu.

Taron ikilisiya bayan sujada aka yi shi, rana tsaka, kwano ya ɗauki zafi, fanka na juya iska mai ɗumi. Baba ya zauna a kujerarsa ya miƙe ƙafar mai ciwo. 'Yar kawuna tana can tsakiyar mata ta sunkuyar da kai. Ni ina kan matakalata, domin duk wanda zai yi magana, da Turanci ko da Hausa, ta bakina za ta bi.

Darakta ne ya fara. Ya kawo ayoyinsa a natse, ni kuma na zuba musu gishiri har ya so ya yi yawa. Da ya ce Allah ya tsara wa kowa wurinsa, ni cewa na yi ko a gona ba a ɗaura wa tunkiya garma. Maza na baya suka yi ta gyaɗa kai.

Baba ya amsa daga zaune. Ya ce akwai macen da ta yi wa jama'ar Allah alƙalanci a gindin itacen dabino, maza da mayaƙa suna zuwa gabanta. Ya ce ran tashin Ubangiji mata ne suka fara isa kabari, su aka aika su gaya wa mazan da suka kulle kansu a ɗaki. Ya ce an yi alkawarin za a zubo Ruhu a kan 'ya'ya maza da mata. Game da shirun kuwa, ya ce wata ikilisiya ce da hayaniya ta yi wa yawa aka rubuta wa.

Darakta ya ce a'a. Ya ce manzo bai jingina maganarsa da hayaniya ba, da halitta ya jingina ta, cewa namiji aka fara yi. Ya ce annabci daban, kiwon garke daban. Ya ce Ubangiji da kansa da ya zaɓi almajiransa sha biyu, babu mace ko ɗaya a ciki.

Baba ya ce, "Sha biyun nan kuma duk 'yan ƙasa ɗaya ne, ƙabila ɗaya. In haka za mu bi, ni da kai ma sai mu sauka."

Na mayar da wannan da Hausa ba da son raina ba, aka yi dariya. Haka suka yi ta yi. In faɗi ta Darakta da ƙarfi, in juyo in rushe ta da bakin nan nawa, in sake gina ta. Gaskiya tun ana tsakiya na daina sanin wanda ya fi hujja. Har yau in ka zaunar da ni ka karanta mini ɓangare ɗaya zan ce haka ne, ka karanta ɗayan in ce wannan ma haka ne. Abin da na sani a ranar shi ne wanda nake so ya ci.

Sai uwar zumunta ta miƙe, ta gyara zani.

"Bakinmu, tambayar mini dattijon nan. In mace ba ta koyar da maza, ke me kike yi a nan shekara da shekaru? Maigidana ga shi can, duk abin da ya sani na Littafi daga bakinki ya ji. Shi bai san abin da Baba ke cewa ba, ke ya sani. Tambaye shi."

Babu yadda zan yi, aikina ne. Na juya na faɗa wa Darakta da Turanci.

Ya cire tabarau ya goge. Sa'an nan ya ce, "Mama ta faɗi gaskiya. Abin ya daɗe yana damuna, na yi shiru ne don ya fi mana sauƙi. In za mu bi Maganar, mu bi ta duka. Ya kamata a nemo namiji ya riƙa yin tafinta." Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda aka taka ba da niyya ba, yana jiran in faɗa.

Na faɗa. Na ce dattijo ya ce ni ma in sauka, a nemo namiji. Wannan karon ban sa gishiri ba.

Uwar zumunta ta ce, "To kafin a samo shi, wa zai riƙa gaya mana mu yi shiru?"

Cocin ya ɗauki dariya, har Baba sai da ya riƙe ciki. Ni ban yi ba. Ina tsaye da makirfo a hannu ina duba hanyoyin biyu. In Darakta ya ci, na sauka. In Baba ya ci, ina nan amma ba mai buƙatata. Ayoyin da na kwana biyu ina wasa su, ashe har da wuyana.

Baba ya ce Malama ta yi magana. Ta miƙe a inda take, ba ta karɓi makirfo ba. Da 'yar muryar nan tata ta fara, sai kowa ya yi tsit don ya ji, har masu jarirai suka toshe musu baki da nono. Ni sai na ɗaga murya ake saurarona, ita kuwa don ba ta ɗagawa ake yi.

Ta ce, "Iyayena, ni ban iya gardama ba. Wurin da dattijo ya karanta ni ma yana ba ni tsoro. Abin da na sani, ruwan rafin ya fara ja. Ran da zan taho na sa ƙafa, bai kai mini ƙugu ba. Ban damu da wanda zai shiga ba. In akwai namijin da zai zo ya zauna da mu, gobe zan share masa ɗaki, in koma koyar da yara, da murna."

Na mayar wa masu kwat da Turanci. Baba ya juya ya dubi samarin da suka yi makaranta, ɗaya ɗaya. Wannan yana duba wayarsa, wancan yana gyara agogo. Ba wanda ya motsa.

Darakta ya ce, "Rashin mai zuwa laifinmu ne, mu maza, kuma abin kunya ne. Amma laifinmu ba ya canza abin da aka rubuta. Ni zan ɗauki Baba a motata in kai shi bakin rafin."

A ganina wannan ce magana mafi ƙarfi da aka yi a ranar, kuma da zuciya ɗaya na fassara ta. Baba ya ce, "Ka kai ni bana. Baɗi fa? In an yi mutuwa ran Litinin kana ofis fa? Mutanen nan makiyayi suke so, ba baƙo ba."

Dattawa suka shiga ciki suka daɗe. Lahadin da ta biyo aka sanar za a ɗora mata hannu, ni na faɗa da Hausa. Darakta bai bar cocin ba. Ya ajiye kujerar dattijo, ya koma layin tsakiya cikin 'yan acaɓa, ya ce ba zai karɓi jibi daga hannunta ba, amma ba zai raba ikilisiya ba. Maganar nemo tafinta namiji kuwa ta bi ruwa.

Ranar keɓewar a ɗakina 'yar kawuna ta shirya, don ba ta da wani ɗakin a gari. An ɗinka mata doguwar baƙar riga, an sayo farar kwala irin mai maɓalli a baya. Ta yi ta fama hannunta bai kai ba.

"Yaya, taimaka mini."

"Fasto guda ba ta iya sa kwala ba?"

"Don Allah, Yaya, za mu makara."

Na tsaya a bayanta. Wuyanta siriri, rana ta ƙona shi, ga tabon da ta samu tun muna yara da ta faɗo daga bishiyar mangwaro, ni na goyo ta zuwa gida. Na ɓalla maɓallin.

"Ya matse," ta ce.

"Haka ake sa shi."

"Kina fushi da ni?"

"Ina jin kishinki. Fushi daban."

Ta juyo ta dube ni, ta buɗe baki kamar za ta yi mini wa'azi. Na ce, "Kada ki fara. Ki adana na mimbari." Ta rufe bakin. Muka fita, ni na tare mana mota, don har ran nan ba ta iya tsayar da bas ba.

A ƙofar coci Baba ya kira ni gefe. "Yau Fasto zai yi da Hausa. Kai zai juya shi Turanci, saboda mutanen gaba."

Wannan ban yi tunaninsa ba. Ashe matakalar tana nan, juya ta kawai aka yi.

Aka yi waƙoƙi, ta durƙusa, Baba da dattawa suka ɗora mata hannu. Da ta tashi sai ta nufo dandamali. Dole ta gabana za ta wuce, har rigarta ta shafi hannuna. Ta ɗan tsaya a bakin kafet ɗin kamar mai shirin tuɓe takalmi, sa'an nan ta taka. Uwar zumunta ta rangaɗa guɗa har sai da lasifika ta yi ƙara.

Wa'azin nata ba wani abin a zo a gani ba ne, ni dai a kunnena. Kan makiyayi da tumaki ta yi, a hankali, ba hawa ba sauka. Amma tana rufe baki amin ke tashi daga baya, kwano ya amsa, tun kafin in buɗe nawa. Sai in jira ya lafa, in juya wa layin gaba da Turancina na sakandare. Turancin nan ya ishe ni in ji, ya ishe ni ciniki a lema, amma ba ni da gishiri a cikinsa. Ta ce tunkiyar da ta ɓata ba ta san ta ɓata ba, ciyawa kawai take bi. Na tsaya ina lalube, sai wani mai kwat a gaba ya jefo mini kalmar, matarsa ta gyara masa da wata. Na ɗauki ta matar. Amin ɗin da ya biyo bayana shi ne siririn nan na masu taye, wanda nake yi wa Baba dariya a kansa.

Na kai ƙarshe dai, ban tsaya ba, ban yi kuskuren da za a riƙe ba. Darakta ma da aka tashi ya zo ya ce mini na yi ƙoƙari. Ƙoƙari. Tun da na fara tafinta ba a taɓa ce mini na yi ƙoƙari ba.

A waje mata suka yanyame ta. Na tsaya jikin bango ina naɗe wayar makirfo, ina kallon uwar zumunta tana kutsawa da ƙunshin takardarta a hannu. Na san ƙunshin, har man da ke ɓullowa ta gefensa na sani. Ta wuce ni, ta ce, "Sannu bakinmu," ta miƙa wa Fasto da hannu biyu.

A makon aka yi baftismar Yangoji. Ban je ba, ranar kasuwa ce, lema ba ta tsaron kanta. Na ji an ce ruwan sai da aka nemi wuri mai zurfi, kuma tsohon ne aka fara nutsarwa, ya fito yana tari yana dariya. Na yi masa murna, shi ba ruwansa.

Amma a ranar keɓewar, da muka dawo ɗaki da la'asar, ta roƙe ni na ɓalle mata kwalar, ta ajiye ta a kan akwati, ta zauna a ƙasa ta buɗe ƙunshin. Tarwaɗa ce babba, ta fi duk wadda aka taɓa ba ni. Ta gutsura, ta ɗauki wutsiya, ta turo mini tsakiyar.

"Yaya, yau kin sa mini gishirin?"

"Ba ni da shi a Turanci."

"Za ki samu."

"Ba ki da abin cewa ne? Miƙo yajin."

Ta miƙo. Na ci tsakiyar, na ci kan, na tsotse ƙayar. Kifin ya yi daɗi ƙwarai, wannan ma ya ƙara mini haushi.